Yadda Maori ke tarbar baƙo, da abin da ake so baƙon ya yi

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatu a Niyu Zilan, kuma an sanar da mu cewa za a tarbe mu da powhiri, bikin maraba na Maori, 'yan asalin ƙasar. Wasan kallo ne kawai, ko akwai abin da ake so in yi?

Amsa: Malama, ina taya ki murna. Powhiri tsari ne na shigar da baƙo cikin masu gida, domin a wajen Maori wanda bai taɓa taka marae ba, wato filin taron dangi da ɗakinsa, yana ɗauke da tapu, wani irin haramci da sai an ɗage shi kafin a cuɗanya.

Baƙi sukan taru a bakin ƙofa, ba sa shiga sai wata dattijuwa daga masu gida ta ɗaga murya da karanga, kira mai tsawo da take ambaton baƙin da mamatan ɓangarorin biyu a cikinsa, sannan wata mace daga baƙi ta amsa yayin da ake tafiya a hankali. Wannan ne sashen da na fi so ki saurara da natsuwa, domin muryar mace ce take buɗe taron, ko da yake a yawancin wurare maza ne ke jawabai, su kuma zauna a sahun gaba. Wero, inda jarumi ke fitowa da makami ya ajiye ganye a ƙasa don baƙo ya ɗauka, galibi manyan baƙi ake yi wa.

Kowane jawabi ana rufe shi da waƙa, saboda haka ku koyi guda ɗaya tun kafin ranar. Tsarin jawaban ya bambanta: a yankunan ƙabilun Tainui da Te Arawa ana karɓa-karɓa tsakanin masu gida da baƙi, a wasu wurare kuwa masu gida ke gama nasu tukuna. Mai jawabin ƙarshe daga baƙi shi ke ajiye koha, kyautar da a yau kuɗi ce a ambulan.

Daga nan sai musabaha da hongi, wato haɗa hanci da hanci. Idan addininki ya hana ki yin haka da namiji, ki sanar da masu shirya taron tun da wuri, domin janye jiki a cikin layi na iya zama tamkar raini. Ki cire takalmi kafin shiga ɗakin taro, kada kuma ki tafi ba ki ci abincin da aka gabatar ba, domin cinsa ne ke kammala ɗage tapu.