Bruxa Ba Mayya Ba Ce

Assalamu alaikum, Yaya. Ka tambaye ni ko da gaske ne mutanen Fotugal suna bikin mayu, da kuma yadda mu da muka zauna a cikinsu muke yi da lamarin. Bikin akwai shi, sai dai kalmar da aka fassara maka da mayya, wato bruxa, ba ta da nauyin tamu. A gida idan aka ce wance mayya ce, ana nufin tana kama kurwa, kuma zargin yakan bi 'ya'yanta har ya hana su aure. A nan kuwa bruxa tsohuwar tatsuniya ce mai hawa tsintsiya, ko mace mai duba, shi ya sa idan al'amura suka cushe wa mutum, abokansa kan ce masa cikin raha ya tafi wurin bruxa. Namijin kalmar, bruxo, har kirari ya zama, domin da shi 'yan Barazil, waɗanda su ma harshen Fotugal suke yi, suke yabon Ronaldinho saboda gwanintarsa da ƙwallo.

Bikin da ka gani a Montalegre ake yinsa, a arewacin ƙasar, duk Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata, kuma wani limamin Katolika, António Fontes, yana cikin jagororinsa. A da kam abin ba wasa ba ne, domin kotun coci da aka kafa a 1536, wadda ba a rushe ba sai 1821, ta gurfanar da mutane kan feitiçaria, wato sihiri, har da bayi 'yan Afirka da aka kama da ƙunshin kariya da ake kira bolsa de mandinga. Daga sunan Mandingo, wata ƙabila ta Afirka ta Yamma, kalmar ta fito, kuma har yau mandinga a Barazil tana nufin asiri. Lokacin da bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa da wasu Hausawa, suka yi bore a Salvador ta jihar Bahia a 1835, layu masu rubutun Larabci aka samu a jikinsu, aka kuma kafa hujja da su a shari'a.

Saboda haka muke taka tsantsan. Ba mu yarda a kira malami bruxo ba, ko da wasa, tunda akwai masu raba takardu a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa suna tallar duba da dawo da masoyi, kuma Bature ba ya bambance su da mai koyar da Alƙur'ani. Idan maƙwabciya ta tambayi matata dalilin tofa wa jariri addu'a, takan ambaci mau-olhado, kwatankwacin kambun baka, nan take su fahimci juna. Inda muke saɓani a tsakaninmu shi ne ranar 31 ga Oktoba, Dia das Bruxas, wato ranar su bruxa, da makarantu ke sa yara shigar dodanni. Wasu iyayen suna hanawa, ni kuwa na bar ƙaramarmu ta sa hular bruxa, amma na gargaɗe ta kada ta kuskura ta gaya wa Inna ta waya cewa ta zama mayya.