Amsoshin tambayoyinku: hutun manaja da wayar ofis

Tambaya: Ni manaja ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kuma akwai ma'aikata sama da talatin a ƙarƙashina. Bara na ɗauki hutun mako biyu na tafi garinmu, amma na dawo da gajiyar da ta fi wadda na tafi da ita. Bana na yi ɗan tanadi, ina tunanin kai iyalina Dubai, maiɗakina kuwa tana ganin mu tsaya a cikin gida Najeriya. Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Malam, abin da ka yi bara shi ne ake kira hutun jaki da kaya a ka. Mai muƙami idan ya sauka a garinsu, kafin hantsi zaure ya cika da mai neman a sama wa ɗansa aiki, da mai riƙe da takardar asibiti, da masu rikicin gadon da aka jingine ana jiran zuwansa. Wannan zumunci ne mai lada, sai dai ya kamata ka ware masa kwana biyu ko uku nasa na kansa, kada ka lissafa su cikin kwanakin hutawa.

Kafin maganar inda za a je, akwai maganar abin da za a bari a ofis, domin a can ne hutu yake gyaruwa ko ya lalace. Ka zaɓi mutum ɗaya tak wanda zai riƙe maka kujera, ka rubuta masa takardar miƙa aiki, ka fayyace iyakar kuɗin da zai iya sa wa hannu ba tare da ya tuntuɓe ka ba, sannan ka sanar da manyan dilolinku da masu kawo muku kaya tun saura mako guda cewa shi za su nema. Ka kuma guji tafiya a ƙarshen wata, lokacin biyan albashi da ƙidayar kayan sito. Na lura cewa manajoji da yawa da ke kukan ana damun su da kira, su ne suka tafi da makullin sito a aljihu, kuma wasunsu can ƙasan zuciya suna jin daɗin a ce aiki ya tsaya saboda ba sa nan.

Game da Dubai, ina tare da maiɗakinka. Ga mutumin Kano, Dubai kasuwa ce kafin ta zama wurin shaƙatawa, kuma da zarar an ji labarin tafiyarka za ka tara saƙonnin turare, gwal da wayoyi waɗanda za su cinye maka kwanaki kana zagayen shaguna. Daga Yuni zuwa Satumba zafin garin yakan haura digiri 40, ga kuma tikitin jirgi, biza da masauki da duk farashinsu ke bin canjin dala. Da kaso kaɗan na wannan kuɗi za ku yi kwana huɗu ko biyar a gandun namun dajin Yankari, mai nisan kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi, inda ruwan Wikki yake ɓuɓɓugowa da ɗuminsa na kusan digiri 31 rani da damina. An fi ganin giwaye da sauran namun daji a lokacin rani, sa'ad da ciyawa ta bushe suke taruwa a bakin kogin Gaji. Ka kira tun da wuri ka tabbatar da halin ɗakuna, ruwa da wuta, ka bincika lafiyar hanya, ku yi tafiyar da rana, kuma ku riƙa rufe ƙofa saboda birai ba sa jin kunyar ɗaukar abincin baƙi. Tsaunin Mambila ya fi sanyi da kyan gani, amma hawa daga Jalingo zuwa Gembu, garin da ke saman tsaunin, yana cin mafi yawan wuni, don haka bai dace da mai ƙananan yara da gajeren hutu ba. Duk inda kuka je, ku dawo gida saura kwana biyu ka koma aiki.

Tambaya: Ina shugabantar sashen kuɗi a wata makaranta mai zaman kanta. Shin ya dace in sayi waya ta biyu domin lokacin hutu kawai?

Amsa: Hajiya, ya dace, amma kada ki sayi babba. Ƙaramar waya mai madannai wadda ba ta ɗaukar WhatsApp ta wadatar, ga araha ga riƙe caji na kwanaki. Ki yi rajistar sabon layin da lambarki ta NIN tun kafin ranar tafiya, ki ba da lambar ga mataimakinki da na kusa a gida kaɗai, tare da sharaɗin cewa sai abin da ba zai iya jira ba. Babbar wayar kuma ki kashe ta ki ajiye a ƙasan akwati, idan ya zama dole ki duba saƙonni, ki tsayar da rabin sa'a bayan la'asar.