Mataimakin koci a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: daga ina ake farawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai mutum ya yi suna a wasa kafin ya zama mataimakin koci a jami'a. Ba dole ba ne.

Da yawa daga ƙasa suke farawa: ɗalibi mai yi wa ƙungiya hidima, ko mai yanka bidiyon abokan hamayya cikin dare. Babban aikin mataimaki kuwa farautar 'yan wasa ne. Zai yini a ɗakin wasan sakandare yana kallon yaro ɗaya, da yamma ya je falon iyayensa yana lallashi. Wahalar ita ce, in aka sallami maigida, wato babban koci, galibi da mutanensa ake haɗawa, sai ka kwashi iyali zuwa wata jiha.

Dubi Roy Williams. Daga kocin sakandare ya koma mataimaki ƙarƙashin babban koci Dean Smith a jami'ar North Carolina a 1978, albashin bai taka kara ya karya ba, har yawon sayar da kalandar ƙungiya ya yi. Sai 1988 jami'ar Kansas ta ba shi ragama. Tom Izzo ma ya shekara 12 yana mataimaki a jami'ar Michigan State kafin ya gaji maigidansa Jud Heathcote a 1995.