Kakana ɗan Ayalan ne, ta ina zan fara nemansa?

Tambaya: Mahaifin mahaifiyata Bature ne ɗan ƙasar Ayalan. Ya yi aikin kuza a zamanin Turawa, ya koma gida tun tana goye. Sunan da Hausawa ke kiransa da shi kaɗai muka riƙe. Yaya zan gano asalinsa? Daga wata mai karatu, Bauchi.

Amsa: Malama, ki fara daga gida tukuna. Abu uku kike buƙata kafin ki taɓa takardun Ayalan: cikakken sunansa yadda ake rubuta shi, shekarar haihuwarsa ko kusa da ita, da garinsu. Garin ya fi komai muhimmanci, domin can masu suna ɗaya sun yi yawa. Idan Murphy ne, sunan dangin da ya fi kowanne yawa a ƙasar, za ki tarar da ɗaruruwa a shekara guda.

Ki zauna da tsofaffin gida, ki ɗauki maganarsu a waya: sunan kamfanin, sansanin da ya zauna, wanda ya yi masa kuku ko boyi. A duba bayan hotuna da ambulan tsofaffin wasiƙu, hatimin gidan waya kan nuna gari. Daga nan sai Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Ki lura, Jos, cibiyar aikin kuza, tana cikin Lardin Bauchi har 1926 da aka kafa Lardin Filato, don haka a bincika fayilolin lardunan biyu, musamman na lasisin haƙar kuza. Jerin fasinjojin jiragen ruwa da suka tashi daga Birtaniya tsakanin 1890 da 1960 yana intanet. Yawancin masu zuwa Legas daga Liverpool suke shiga jiragen kamfanin Elder Dempster, kuma jerin fasinjojin shekarun baya-baya kan nuna shekarun mutum, sana'arsa da adireshinsa.

Idan garin ya samu, aiki ya yi sauƙi. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa a Ayalan a 1864, kuma shafin irishgenealogy.ie yana nuna takardun haihuwar da suka haura shekara 100 kyauta. A ciki za ki ga sunan uba da sana'arsa, da sunan dangin uwa kafin aure. Ki gwada su da ƙidayar 1901 da 1911, su ma kyauta ne, suna lissafa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ƙidayar 1821 zuwa 1851 kuwa akasarinta ta ƙone a gobarar Dublin ta 1922, don haka na da can sai rajistar coci.

Inda ake yawan ɓata: mutanen lokacin ba sa riƙe shekarunsu daidai, ki ba da ratar shekara biyar gaba da baya. O' da Mc da ke gaban suna sukan faɗi, ki nemi Brien da O'Brien duka. Kada ki karɓi mutum don suna ya dace, sai uwa da gari sun dace. Idan ɗan Arewacin Ayalan ne da aka haifa bayan 1921, takardarsa na Belfast.

Idan babu takardar da ta haɗa shi da mahaifiyarki, gwajin DNA zai iya nuna danginsa. In tana raye ita ya kamata a gwada, domin rabin jininsa gare ta, naki rubu'i ne.