Amsa: Shin a bar jami'an tsaro su riƙa karanta saƙonnin kowa?

Ɗan'uwa, ka ce tunda 'yan damfara da masu cutar da yara suna fakewa a WhatsApp, me zai hana a ba jami'an tsaro damar karanta saƙon kowa, ai marar laifi ba ya tsoro. Damuwarka gaskiya ce, ni ma tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na daɗe ina taimaka wa mutanen da aka yi wa kutse a waya.

Akwai wata baiwar Allah da ta zo mini hannunta na rawa, ko lambar buɗe wayarta ta kasa dannawa. Wani ya sace hotunanta, yana cewa ta biya ko ya watsa. Muka ɗauki hoton kowane saƙo da ya turo, aka kai ƙara. Abin da ya tona masa asiri shi ne asusun bankin da ya ba ta da layin da yake kira da shi. Kotu ta ba da umarni, kamfanonin suka fito da bayanansa. Shi kaɗai aka bi, ba a leƙa hirar kowa ba. Irin wannan bincike ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari.

Inda na ja daga shi ne a yi mabuɗi guda mai buɗe kowane gida, a ce jami'ai kaɗai za su riƙe. Ba ya zama a hannunsu. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu sun shiga ta tsarin sauraron kira da aka tanadar domin hukuma, suka riƙa sauraron wayoyi kusan 100, har da ta firaministan ƙasar. A 2024 ma masu kutse sun shiga manyan kamfanonin sadarwa na Amurka, suka kai ga irin wannan tsarin. Idan ƙasa mai ƙarfi haka ta kasa tsare ƙofar, wa zai iya?

Irin wannan fargaba ce ta sa a 2016 kamfanin Apple ya ƙi ƙera wa hukumar FBI, mai binciken manyan laifuka a Amurka, manhajar fasa iPhone ɗin ɗaya daga cikin waɗanda suka kai hari a birnin San Bernardino na ƙasar, duk da an kashe mutum 14 a harin. Daga baya hukumar ta buɗe wayar ta wata hanya, wayar nan guda.

Batun marar laifi kuwa, ka duba wayarka yanzu. Akwai sakamakon asibiti, akwai hirarka da iyalinka, akwai sirrin da aboki ya ba ka amana. Babu laifi a ciki, amma ba na kowa ba ne. Kuma babban mai laifi, da zarar ya ji an buɗe wa jami'ai WhatsApp sai ya koma wata manhajar, a bar talaka a fili.

Don haka duk dokar da aka kawo, ka tambaya: akwai sa hannun alƙali? An ambaci wanda ake zargi? Akwai wa'adi? Kuma jami'in da ya leƙa wayar mutum ba bisa ƙa'ida ba, wa zai hukunta shi?