Amsoshin tambayoyinku: wuyan jitar da aka haɗa a gida

Wani mai karatu daga Tudun Wada, Jos, ya ce: "Na gama sassaƙa jikin jitar lantarki, saura wuya. A kasuwar Katako an nuna mini madaci, afara da malaina. Wanne zan saya?"

Malam, ɗauki madaci. Dangi ne na katakon da manyan kamfanoni ke yi wa jita wuya da shi, kuma yana da ƙarfin ɗaukar jan tsirkiya shida, wanda ya kai kusan kilo 45 dare da rana. Aibinsa ɗaya: zarensa a sarƙe yake, in bakin ƙarfen bai da kaifi sai ya riƙa ɓantarewa. Farin afara ma ba laifi, da irinsa kamfanin Gibson ya ƙera jitar Flying V a 1958, sai dai bai kai madaci tauri ba. Malaina kuwa bar wa masu benci.

Amma bushewar katakon ta fi sunansa muhimmanci. Yawancin abin da ke kasuwa ɗanye ne, ko da mai shi ya rantse ya bushe. Sayi falanki ya fi abin da kake buƙata, ka shafe bakunansa biyu da fenti ko narkakken kyandir don kada su tsage, ka jera shi a inuwa a kan 'yan sanduna yadda iska za ta ratsa ta ko'ina. Riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. In nauyin ya tsaya wuri ɗaya kusan wata guda, ya yi. Mafi kyau ya ga hunturun Jos guda cikakke kafin zarto ya taɓa shi. Wanda ya yanka wuya da damina daga ɗanyen katako, a Janairu zai same shi ya murɗe, kuma murɗiya ba ta da magani. Gajeriyar hanya ita ce tsohon gado ko ƙofar madaci da ta shekara ashirin a ɗaki.

Duba bakin falankin: layukan su tsaya tsaye, zaren ya miƙe daga farko har ƙarshe, ba gaɓa ko ɗaya. In ba ka samu haka ba, tsaga shi gida uku a tsaye, ka juya na tsakiya, ka manne su. Kowanne zai hana ɗan'uwansa lanƙwasa. Tsawo santimita 70, faɗi 9, kauri milimita 20, sannan allon yatsu na milimita 6 a sama. Don allon, nemi madobiya ko kawo.

Daga Bukuru: "Jitar bes mai tsirkiya huɗu nake haɗa wa ƙungiyarmu. Rodin saiti na cikin wuya sai an yi odarsa. Ba zan iya sa rodin gini na kwana da shi ba?"

Za ka iya, amma ba mu ba ka shawara ba. Rodin saiti ƙarfe ne mai noti da ake murɗawa don daidaita lanƙwasar wuya. Tsirkiyoyin bes suna jan fiye da kilo 70, a kan wuya mai tsawo. Rodin gini nauyi kawai zai ƙara, kan jitar ya riƙa rinjaya ƙasa, kuma ranar da wuyan ya yi baka ba ka da abin murɗawa. A garin da iska ke jiƙe sharkaf a Agusta ta bushe ƙayau a Disamba, wuya yana motsi sau biyu a shekara, dole ne a iya saita shi. Ko a komai za ka yi tsimi, ban da nan.

Yi odar rodi mai aiki gaba da baya, tsawon kusan santimita 58 zuwa 60 (na jita 42 zuwa 46). Kada ka haƙa raminsa sai ya zo hannunka ka auna. Yawanci faɗin milimita 6 ne, zurfi 9 zuwa 10. Haƙa shi tun katakon yana da kusurwoyinsa huɗu, kafin a fara zagaye baya, ka tabbata aƙalla milimita 3 na katako za su rage ƙarƙashin ramin bayan sassaƙa, in ba haka ba rodin zai faso ta baya. Ya zauna daram ba ya girgiza, ka rufe shi da siririn tef kafin ka shafa gam, don gam ɗin da ya shiga zaren notin ya kashe rodin ke nan. Wajen saiti, danne tsirkiya a firet (siraran ƙarafan da ke gicciye a kan allon yatsu) na farko da na ƙarshe, ka bar tazarar kusan milimita 0.3 a tsakiya. Kwata-kwatan zagaye ake murɗawa, a jira, a sake dubawa.

Wata malamar kiɗa daga Rayfield ta ce wani ɗalibinta ya yi wuya mai kyau, amma daga firet na 7 zuwa sama sautin ya kauce. Me ya jawo?

Malama, kusan kullum awo ne. Da alama ya auna kowane firet daga wanda ya gabace shi, rabin milimita nan, rabi can, kuskuren ya taru. Ana auna kowanne ne daga ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya. In tsawon tsirkiya daga ƙashin zuwa jaki (inda tsirkiyoyin ke hawa a jikin jitar) milimita 648 ne, irin na Fender, firet na 1 yana kan 36.4, na 2 kan 70.7, na 3 kan 103.1, na 5 kan 162.5, na 7 kan 215.5, na 12 kuma kan 324, rabi daidai. Lissafin shi ne a raba tsawon da ya rage da 17.817. A bes mai 864, na farko yana kan 48.5, na 12 kan 432. A yi amfani da rular ƙarfe da tsinin wuƙa, ba tef ɗin tela da fensir ba.

Kafin a ɓamɓare allon, a fara auna daga firet na 12 zuwa jaki. Ya kamata ya yi daidai da na ƙashi zuwa firet na 12, da ƙarin milimita 2 ko 3. In jakin ne ya goce, matsar da shi ya wadatar. In tsagogin da firet ke zama a ciki ne, sai sabon allo. Tsagar kanta faɗin kusan milimita 0.6 take so. Zarton kafinta ya yi kauri, firet zai riƙa ɗagowa.

An kuma tambaye mu gam. Evo-Stik da ire-irensa roba ne, ba sa ƙanƙamewa, ba su da wuri a wuyan jita. Titebond ya fi in an samu. In babu, Araldite mai jinkirin kamawa, musamman a katako mai maiƙo. A matse da matsai shida ko a naɗe tam da robar tib ɗin keke, a bar shi kwana guda.

Ga mai kukan bakunan firet suna yankar masa hannu tun shigowar sanyi: allon ne ya tsuke, ƙarfen bai tsuke ba. Manna tef a gefen katakon, ka goge bakunan da ƙaramin magagari yanzu da hunturu, lokacin da suka fi fitowa. In ka jira damina za su koma ciki, su sake fitowa baɗi.