Amsa: Zafin baƙin mai a BMW 335i

Salam ɗan uwa. Kan tambayarka cewa allurar zafin baƙin mai tana kai digiri 120 a ma'aunin Celsius in ka taka motar a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma bakanike ya ce a cire tamostat (na'urar da ke daidaita zafin injin), don Allah kar ka bari ya taɓa shi. Injin motar, wato N54 mai turbo biyu, dama haka aka yi shi da zafi, 110 zuwa 120 ba wani abin tashin hankali ba ne, sai ta doshi 150 ne kwamfutar motar za ta rage ƙarfi da kanta don kar injin ya ƙone.

Cikin abubuwan da suka fi kashe motocin nan akwai famfon ruwan sanyaya injin, na lantarki ne ba na bel ba, kuma ba ya sallama in zai mutu, kawai za ka ji fanka ta kama ihu sannan fitilar gargaɗi ta fito. In ka ga haka ka faka nan take ka kashe, kuma kar ka buɗe murfin tankin ruwa da zafinsa.

Ka leƙa bayan bamba ta gefen tayar gaba ta dama ka ga ko akwai ƙaramin lagireto na baƙin mai, don ba duka ne ke zuwa da shi ba, in babu ka sa. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan lagireto, a wanke a hankali ba da ruwa mai ƙarfi ba. Ruwan famfo zalla kuwa a lagireto tsatsa zai tara maka, ka haɗa kulant (ruwan sanyaya injin) da ruwan batir (tataccen ruwa, ba asid ba) rabi da rabi. Baƙin mai kuma 5W-40 sintetik mai lambar amincewar BMW ta LL-01.